Zafi da Sanyi a Cikin Kwano: Daga Indiya zuwa Libreville

Shirinmu na musamman na yau daga Libreville yake zuwa muku, babban birnin Gabon, inda ruwan sama ke kusan kai milimita 3,000 a shekara, wato ya ninka na Kano sau uku ko fiye. Bahaushen da ya baro ƙasar gero ya sauka nan, abin da ya fara lura da shi shi ne cimar ta canza. A kasuwar Mont-Bouët rogo ne sarki: ga sandar rogo a naɗe cikin ganye, ga ayabar dafawa, ga kifi banda, ga kwakwar manja da ake miyar nyembwe da ita. Za ka ji dattijo yana cewa abincin nan sanyi gare shi, a ƙaro citta da kanumfari da masoro.

Da likitan gargajiya na Indiya zai ji wannan magana, kai kawai zai gyaɗa. Ilimin nasu sunansa Ayurveda, kuma babban littafinsa, Charaka Samhita, ya kai shekara dubu biyu ko kusa da haka. A ganinsu abubuwa uku ke tafiyar da jiki: vata mai ɗabi'ar iska da bushewa, pitta mai zafi, da kapha mai nauyi da danshi, kusan abin da muke kira majina. Kowane mutum akwai wanda ya fi rinjaye a jikinsa, saboda haka abincin da ya gyara Tanko yana iya kwantar da Talatu. Sai kuma wutar ciki, agni. In ta yi rauni, abinci ba ya narkewa, ya zama dauɗar da ke jawo cuta. Suna kuma cewa damina na raunana wannan wuta, don haka lokacin ruwa a ci abu mai ɗumi, marar nauyi, da ɗan citta. A garin da rani bai wuce daga Yuni zuwa Satumba ba, ai kun ga dattijon namu bai yi nisa da su ba.

Inda Indiyawa suka zurfafa fiye da mu shi ne batun hankali. Sun ce madara da man shanu da shinkafa da 'ya'yan itace sabbin tsinka suna kawo natsuwa. Barkono mai yawa da gishiri da tsami suna tayar da zuciya, mutum ya yi ta ɗoki da saurin fushi. Abincin da ya kwana kuwa kasala da nauyin kai yake kawowa. To a nan, masu saurare, ni da su mun raba gari, domin ban ga Bahaushen da za a raba da ɗumamen tuwo da miyar kuka da sassafe ba, kuma da shi manoma ke wuni a gona.

Akwai inda muka haɗu sarai. Charaka ya ce a kasa ciki uku: abinci, ruwa, sannan a bar sauran fili. Duk wanda ya zauna a gaban malami ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito a kan haka. Indiya ma tana da wani reshen magani da ake kira Unani, wanda ya biyo ta hannun su Ibnu Sina, kuma daga wannan rijiya malamanmu na ɗibbu suka sha. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafan magani, har da guda a kan basur. Hukumomi ba su yar da abin ba: Indiya ta kafa ma'aikatar AYUSH mai kula da maganin gargajiya a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyar maganin gargajiya a Jamnagar ta Indiya a 2022, a nan Libreville kuma akwai cibiyar IPHAMETRA da ke binciken itatuwan magani.

Amma tsufan magana ba ya mayar da ita gaskiya. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da masu jego da yawa na zuwa asibiti da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta abin da kunun kanwa mai yawa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Duk don a kori sanyi ake yi, sai gishirin kanwar ya tara ruwa a jiki har zuciya ta gaza. Indiya ma ba ta tsira ba. A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka sun gwada magungunan Ayurveda 70 da ake sayarwa a shaguna, suka sami dalma ko zaiba ko gubar asinik a cikin 14. Saboda haka, Hajiya, in 'yarki ta haihu a nan Libreville, a dama mata kunu da citta, a yi mata farfesun kifi, amma a ja hannu da kanwa. Mai hawan jini kuma ya tambayi likitansa kafin ya sha wani garin magani da aka ce daga Indiya ya zo.