Baƙi biyu masu amfani: tsuntsuwar dutse da mazari

Kowace shekara ƙasar Nijar tana samun baƙi biyu masu fiffike. Ɗaya baƙon damina ne, ɗaya baƙuwar ɗari.

Baƙon damina shi ne mazari, wannan mai ruwan ɗorawa da ke shawagi bisa tabki da gonaki. Ƙwaro ne mai ƙafa 6 da fiffike 4. Tsawonsa bai kai santimita 5 ba. Yana bin iskar da ke kawo hadari. A gabas, irinsa kan taso daga Indiya ya ƙetare teku har gabashin Afirka.

Baƙuwar ɗari ƙaramar tsuntsuwa ce mai farin ƙugu da baƙin bakin wutsiya. Nauyinta kamar garam 25 ne. Can Turai cikin duwatsu ta ke zama, can namijin ke rera waƙa. In sanyi ya gabato sai ta ratso Sahara. Tana isowa wajen watan Oktoba, ta koma wajen Maris. A 2012 masana sun nuna waɗanda ke tasowa daga Alaska suna yin kilomita wajen 14.500 kafin su iso Afirka.

Haihuwarsu ba ɗaya ba ce. Tsuntsuwa tana yin sheƙa cikin ramin dutse, ta zuba ƙwai 5 ko 6, ta ciyar da ƴaƴanta. Ba ta haihuwa nan Nijar. Shi mazari ba shi da sheƙa. Cikin ruwa ya ke zuba ƙwai, ya yi gaba. Ƴaƴansa kan girma cikin wata 2 ko ƙasa da haka, kafin tabki ya ƙafe.

Amma abincinsu ya haɗa su, dukansu ƙwari su ke ci. Tsuntsuwa tana tsintar fara da tsutsa da tururuwa a ƙasa. Mazari yana kama sauro a sama, ƴaƴansa kuma suna cin ƴaƴan sauro cikin ruwa. Kowa ya san sauro ke kawo zazzaɓi.

Saboda haka kada a wanke kayan feshin magani cikin tabki, don dafin yana kashe ƴaƴan mazari. A kuma hana yara harbin tsuntsuwar nan. Namanta bai cika loma ba, amma aikinta a gona babba ne.