Ɗakin iska na jinyar miki

Maganarmu ta yau a kan lafiyar mata ce, amma maza ma su kasa kunne.

Kun san sankarar nono. Idan ta kama mace, sau da yawa lokotoro yana yin aiki, ya cire ƙullutun ko nonon duka. Wasu mata kuma ana gasa musu wurin da haske mai ƙarfi, don a kashe sauran cutar. A Yamai an fara wannan gashi a 2021.

Galibi mikin yana warkewa. Amma wani lokaci fatar da aka ɗinke ba ta samun isasshen jini, sai ta yi baƙi. Hasken gashi kuma yakan lalata ƙananan hanyoyin jini. Bayan watanni ko shekaru, wurin ya yi tauri, ya riƙa ciwo.

Nama ba ya warkewa sai da oksijan, kuma jini ne ke kai masa shi. Cikin iskar da muke shaƙa, oksijan kashi 21 ne cikin 100. To, lokotoroci suna da wata dabara. Mai jinya tana shiga wani ɗakin ƙarfe, a rufe shi ruf. A cika shi da iska har matsinta ya ninka na waje sau 2, ko fiye kaɗan. A ciki tana shaƙar oksijan tsantsa.

Ku dubi kwalbar lemu. Matsi ne ya sa iska ta narke cikin ruwanta. Haka oksijan yake narkewa cikin ruwan jini, ya isa inda hanya ta ƙuntata. Sannu a hankali sababbin hanyoyin jini su tsiro.

Aikin yana son haƙuri. Zama ɗaya ya kai awa ɗaya da rabi ko awa 2, kwana 5 a mako. Mai lahanin gashi takan yi zama 30 ko 40. Kunne yana toshewa, sai a riƙa haɗiye miyau. Wasu ganinsu yana raguwa, amma yana dawowa. Ashana da turare da man shafawa ba su shiga ɗakin, don oksijan abokin gobara ne.

Kada ku zaci maganin kome ne. A Holand, a 2024, bincike ya nuna taurin nama yana raguwa, kuma matan da suka kai ƙarshen zaman sun ji sauƙin ciwo. Amma da yawa sun ƙi shiga, don zirga-zirgar ta yi musu yawa. A Ingila kuwa, a 2010, an gwada shi ga kumburin hannu na bayan jinya, ba a ga amfani ba. Sankara ma ba ya kashe ta. Wanda ya ce muku yana kashewa, kuɗinku yake so.

Ɗakin nan yana da tsada, ba kowane asibiti ke da shi ba. Amma lura da miki ba ta cin ko dala. Idan ya yi baƙi, ko wari, ko ya buɗe, ko zazzaɓi ya zo, ku mayar da ita wurin lokotoro ranar nan. Kada a barbaɗa masa gari ko toka. Mai gida kuma ya kai tabarsa waje, don hayaƙinta yana hana miki warkewa.