Gargaɗi ga 'Yan'uwa Mazauna Amurka da Kanada: Ku Kiyayi Ciyawar Ganye-Uku

'Yan'uwa, musamman sababbin zuwa da masu aikin gyaran lambu da yankan ciyawa, akwai wata ciyawa da Amurkawa ke kira foizin aibi. Tana fitowa a bakin shinge da bayan gida da gefen hanyoyin wuraren shaƙatawa, har cikin birnin New York. Ganyenta uku-uku ne a kan sanda ɗaya, na tsakiya ya ɗan fi tsawon wuya. Kore ne a lokacin zafi, ya koma ja ko ruwan ɗorawa kafin sanyi. Wani lokaci tana hawa bishiya kamar igiya mai gashi.

Duk wanda ya taɓa fasa ƙwallon yazawa a yarinta, mansa ya ƙone masa fata, ya san irin wannan dafi, domin dangi ɗaya ne. Man ciyawar nan, urushiyol, yana cikin ganye da kara da saiwa, ko da ta bushe. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba ta kama da karara mai ƙaiƙayi nan take. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu ƙaiƙayin zai taso, wani ma ya fi haka, sai ƙuraje su fito a jere kamar an zana da bulala, su ɗuro ruwa. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya kumbura ya ƙara duhu, shi ya sa ake ɗaukarsa cizon ƙwaro.

Da zarar kun yi zargin kun taɓa ta, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa cikin mintuna, har ƙarƙashin farce. Kada a fara shafa man kaɗanya, yaɗa dafin zai yi. A wanke tufafi da takalma da safar hannu da kayan aiki, domin man yakan yi watanni a jikinsu. Ruwan ƙurajen ba ya harbin kowa.

Idan ƙurajen sun fito, a riƙa ɗora tsumma mai sanyi, a shafa kalamin ko haidirokotison na kantin magani, a daure kada a sosa. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 3. Idan ya kama fuska ko ido ko al'aura, ko ya mamaye jiki, ko ya zo da zazzaɓi da mugunya, a je wurin likita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗabi'armu ta gida ta tara ciyawa a cinna mata wuta. Don Allah kada ku ƙone wannan mai ganye-uku. Hayaƙin yana ɗaukar dafin zuwa maƙogwaro da huhu. Wanda ya shaƙa, numfashinsa ya fara sarƙewa ko fuskarsa ta kumbura, a kira 911 nan take.