Akilis da Ku Kulan: Jarumai biyu da suka sayi suna da rayukansu

Idan aka ce maka zaɓi ɗaya, tsawon rai ba tare da kowa ya san ka ba, ko gajeriyar rayuwa da suna mai ɗorewa, wanne za ka ɗauka? A almarar Girkawa da ta mutanen Ailan, samari biyu sun ɗauki na biyu.

Na farko shi ne Akilis, gwarzon waƙar Iliyad ta Homa mai kashi 24, kan yaƙin birnin Turoyi. Na biyu Ku Kulan ne, jarumin labarin Táin Bó Cúailnge, wanda ke cikin wani littafi da aka rubuta da hannu wajen shekarar 1100. Sunansa na yanka Setanta. Yana yaro ya kashe karen wani maƙeri mai suna Kulan, ya ɗau alkawarin gadi a madadinsa, shi ne aka laƙaba masa "Karen Kulan".

Dukansu mafusata ne, amma fa dalilin yaƙinsu ya bambanta. Akilis ya ajiye makami saboda shugaban rundunarsu, Agamemnon, ya ƙwace masa wata baiwa. Ya zuba ido ana karkashe Girkawa, sai da Hekta ya kashe amininsa Faturokilas sannan ya koma fagen fama. Ya kashe Hekta, ya ɗaura gawarsa a keken doki yana ja. Shi kuwa Ku Kulan, yana ɗan shekara 17, shi kaɗai ya tare dakarun Sarauniya Meb da suka shigo Alsta don ƙwace wani bijimi, lokacin da ciwo ya kwantar da mazajen ƙasar.

To, a nan ne abin tausayin yake. Meb ta turo masa Ferdiyad, wanda suka koyi yaƙi tare tamkar wa da ƙani. Suka kwashe kwanaki suna gwabzawa a mashigin rafi, da dare suna aika wa juna magani da abinci. Ƙarshe Ku Kulan ya soke shi, ya rungume gawar yana kuka. Akilis ma sai da ya yi kuka tare da Sarki Firayam, tsohon da ya zo roƙon gawar ɗansa Hekta.

Kibiyar Faris ce ta kashe Akilis, wai a diddige. Ku Kulan ya ɗaure kansa a jikin dutse don ya mutu a tsaye, maƙiya ba su matso ba sai da hankaka ya sauka a kafaɗarsa. Mutum-mutuminsa na nan a babban gidan waya na Dablin, don tunawa da boren 1916.

Sunan dai sun samu. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu: kowannensu sai da ya rasa amininsa kafin nasa ajalin.