Ko Kun Sani? Haiti ta biya Faransa kuɗin 'yancinta

A ƙarni na 18, yankin da Faransawa ke kira San Domang ne ya fi dukkan yankunan da suka mallaka kawo musu dukiya, saboda rake da kofi da bayi daga Afirka ke nomawa. Bayin suka yi tawaye a 1791, suka ci sojojin Napoleon da yaƙi, suka kafa ƙasar Haiti a 1804.

Faransa ba ta haƙura ba. A 1825 Sarki Charles na 10 ya aika jiragen ruwan yaƙi bakin Port-au-Prince, babban birnin Haiti, da sharaɗi: sai Haiti ta biya faran miliyan 150 kafin a amince da 'yancinta, wai diyyar iyayengijin da suka rasa gonaki da bayi. Abin takaici, waɗanda aka bautar su ne za su biya. Shugaban Haiti Jean-Pierre Boyer ya sa hannu.

Baitulmali ba ya da kuɗin, don haka aka ci bashi daga bankunan Faransa domin biyan kashin farko. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, amma bashi ya haifi bashi. Harajin kofi da ya kamata ya gina makarantu da hanyoyi ya riƙa tafiya Paris shekara da shekaru. A Disamba 1914 kuma sojojin ruwan Amurka suka kwashe zinari na dala 500,000 daga bankin ƙasar zuwa New York, sannan suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934.