Na'urar Rage Danshi Ta Nuna Lambar Gargaɗi: Me Ya Kamata Ku Yi?

Idan akwai mai asma ko yawan atishawa a gidanku, na'urar rage danshi tana da amfani, musamman a damina. Fumfuna da ƙananan ƙwarin da ke zama cikin katifa da kafet suna yaɗuwa ne a ɗaki mai laima, kuma su ne ke tayar wa mutane da yawa ciwon. Abin da ake so shi ne danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Saboda haka, idan na'urar ta tsaya ta nuna wata lamba, kada ku jingine ta, domin sau da yawa gyaran ƙarami ne.

Ma'anar lambobin

Kowane kamfani da tsarinsa, don haka ku fara duba littafin da ya zo da na'urar. A na'urorin Midea da masu irin tsarinsu:

P2: bokitin ruwa ya cika ko bai zauna daidai ba. Ku zubar da ruwan, ku mayar da shi sosai.

P1: ƙanƙara ta taru a ciki, na'urar tana narkar da ita. Ku bar ta, za ta ci gaba da kanta.

AS: abin auna danshi ya samu matsala.

ES: abin auna zafi ne ya samu matsala.

Ga AS da ES, ku zare filogi, ku jira kamar minti 10, ku wanke ragar tace ƙura, ta bushe, sannan ku kunna. Idan lambar ta dawo, ku kira mai gyara. Idan kuma kun ji ƙaurin waya ko filogin ya yi zafi, ku kashe ta nan take.

Kula da lafiya kafin a gyara

Ku daina shanya kaya a ɗakin mara lafiya, ku buɗe taga idan rana ta fito, ku goge duk inda fumfuna ta ɓulla. Kada a sha ruwan bokitin, kuma kada a bar shi ya kwana.

Na'urar ba ta maye gurbin magani. Mai asma ya ci gaba da shaƙar maganinsa yadda likita ya tsara. Idan numfashi ya yi wuya har ya kasa magana, ko leɓɓansa suka canza launi, ku garzaya da shi asibiti.