Mofin ɗin tuffa: kek ɗin da ba ya son yawan juyi

Yau kicin za mu shiga, kuma maganar ta shafi gidan da safiya ke yi wa wuya: yara uku ko huɗu za su makaranta, uwa za ta fita aiki, ƙarfe bakwai ta yi ba a san me za a saka musu a jaka ba, ƙarshe dai a tsaya shago a sayi biskit. Akwai wani ɗan kek da Amurkawa suka daɗe suna maganin irin wannan safiya da shi, sunansa mofin. Na tuffa za mu yi bayani yau, wato apul.

Da farko dai, mofin ba kek ba ne irin na biki, duk da a ido sun yi kama. Kek na biki sai an buga bota da sukari har sun yi fari, a riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, hannu ya gaji ko a nemo na'ura. Shi mofin babu wannan. Kwano biyu ne da cokali. Busassun kaya a kwano ɗaya, masu ruwa a ɗayan, a haɗe su, a gasa. Amurkawa suna lissafa shi cikin burodin gaggawa, wato wanda ba ya jiran yis ya tashi, bakin hoda da bakin soda ne ke kumbura shi a cikin obin. Ita bakin hodar, wani Baturen Ingila mai suna Alfred Bird ne ya fara haɗa ta a 1843, kuma samuwarta ce ta sa irin wannan gashi ya zama aikin minti talatin. Idan kuka ji an ce mofin ɗin Ingila, wannan wani abu ne daban, da yis ake yin sa, a kan kasko ake gasa shi.

To ina tuffa ta shigo? Ba yanka ta ake yi a zuba ba. Dafa ta ake yi har ta narke ta zama kamar fate. A Amurka suna kiran wannan applesauce, a kwalba ake sayar da shi a kowane kanti, yara na sha da cokali. Mu bari mu kira shi faten tuffa. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da Amurkawa suka tsorata da maiƙo a abinci, faten nan ya yi suna a matsayin abin da ke maye gurbin mai a gashi. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Tuffa ruwa ce mafi yawanta, kuma tana da wani sinadari da ake kira fektin, wanda ke riƙe ruwan ya hana shi gudu. Shi ya sa mofin ɗin tuffa ke kwana biyu da laushinsa, alhali kek mara mai sosai washegari ya bushe.

Aiki na biyu da tuffa ke yi shi ne tsami. Bakin soda ba ta tashi ita kaɗai, sai ta gamu da abu mai tsami sannan take fitar da iska, iskar ce ke kumbura ƙullun. Tsamin tuffa ke yin wannan aikin. Bakin hoda kuwa da nata tsamin take zuwa a cikin gwangwaninta. Saboda haka kada wani ya ce ai duk hoda ce, ya musanya wannan da waccan. Idan soda ta yi yawa, babu isasshen tsamin da zai cinye ta, mofin zai fito da ɗanɗanon sabulu, an yi asarar ƙwai da fulawa.

Faten da kanku za ku yi, don na kwalba ba ko'ina ake samu ba a nan, idan an samu ma da tsada. Tuffa huɗu matsakaita sun isa. A fere, a cire 'ya'yan, a yanka ƙanana, a zuba a tukunya da ruwa kwata na kofi, a rufe, wuta kaɗan, minti 15 zuwa 20. Idan ta yi laushi a murƙushe da cokali mai yatsu, ba sai an kunna bilanda ba. Koriyar tuffar nan mai tsami, wadda ake kira Granny Smith, ta fi dacewa da soda, jar kuma ta fi zaƙi, idan aka haɗa biyu-biyu an dace. Sannan ga wata dabara: yawancin tuffar da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da ita, musamman Afirka ta Kudu, ba ta da araha. Ku nemi wadda ta fara yanƙwanewa, wadda mai tebur ke neman rabuwa da ita. Tunda dafawa za a yi, kyan fata ba ya ƙara komai. Wadda ta ruɓe ce kawai ba a so. Kuma a bar faten ya huce kafin ya gamu da ƙwai, in ba haka ba ƙwan zai fara dahuwa a kwano.

Ga awon mofin 12. Fulawa kofi 2, wato kimanin giram 250. Kofin awo nake nufi, mai cin mililita 240. Wanda ke awo da ƙaramin gwangwanin madara, kusan gwangwani 3 ke nan. Sukari rabin kofi. Bakin hoda cokalin shayi 1, bakin soda rabin cokalin shayi, gishiri rabin cokalin shayi, garin kirfa cokalin shayi 1. Waɗannan su ne busassu. A ɗayan kwanon, faten tuffa kofi 1 da kwata, ƙwai 2, man gyaɗa sulusin kofi. Shafe bakin kofi da cokali ake yi, ba a tula shi ya yi tozo.

Za ku ga ban cire mai gaba ɗaya ba. Akwai masu cewa a zuba fate kawai, babu mai ko ɗigo. Ni ban goyi bayan haka ba. Mai yana lulluɓe ƙwayoyin fulawa ya hana su yin danƙo, fate ba ya iya wannan. Mofin mara mai sam yana fitowa kamar roba, yaro ya gutsura sau ɗaya ya dawo da sauran gida. Sulusin kofi a raba wa mofin 12, kowanne bai kai rabin babban cokali ba, me aka ci?

Yanzu ga wurin da aka fi faɗuwa, ku saurara da kyau. Idan kun juye masu ruwa a kan busassu, ku juya da cokali sau goma zuwa goma sha biyar, ku tsaya. E, za ku ga gudaji. E, za ku ga ɗan farin fulawa nan da can. Ku bar shi haka. Hannun da ya saba da tuƙa tuwo zai ce a ci gaba har ya yi sumul, to a nan ne ake kashe mofin. A cikin fulawar alkama akwai sinadarin da ake kira gulutin. Da zarar fulawa ta jiƙa aka shiga juya ta, sai ya riƙa saƙa kansa yana zama danƙo. Wannan danƙon shi mai burodi yake nema, shi ya sa yake murza ƙullunsa har ya yi gumi. Mai mofin kuwa gudunsa yake yi. Alamar an wuce gona da iri ita ce mofin ya fito da tsini a ka, idan aka gutsura a ga dogayen ramuka a ciki kamar gidan gara, ga tauri. Gudajin da kuke tsoro, zafin obin ne zai narkar da su.

Kafin a haɗa kwanonin biyu, obin ya riga ya yi zafi, digiri 190 a ma'aunin Salshiyas. Dalili, soda tana fara aiki ne daga lokacin da ta taɓa fate, idan ƙullun ya zauna jiran obin, iskar ta tafi a banza. A shafa mai a gwangwanayen ko a saka takardar kek, a cika kowanne kashi biyu cikin uku ko ɗan fiye. Minti 18 zuwa 20. A soka tsinken sakace a tsakiya, idan ya fito babu ɗanyen ƙullu ya yi. Kada a riƙa buɗe obin a minti goma na farko.

Wanda ba shi da obin fa? Hanyar da aka saba gasa kek da ita a gidajenmu tana aiki. Babbar tukunya mai kauri, a shimfiɗa yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa, a ɗora wani abu da zai ɗaga gwangwanayen kada su taɓa gindin tukunya, a rufe ta yi zafi kamar minti goma kafin a saka. Wuta matsakaiciya. Yakan ɗauki lokaci fiye da obin, samansa kuma ba zai yi ja sosai ba, saboda haka da tsinke za a gane, ba da launi ba.

Sai maganar lokaci, tunda don shi aka taru. Faten ana iya dafa shi da dare a saka a firij. Busassun kayan ma a auna su a kwano a rufe. Da asuba abin da ya rage shi ne fasa ƙwai biyu da juyi goma sha biyar, kafin a gama yi wa yara wanka sun gasu. Abin da ba a yi shi ne haɗa ƙullun ya kwana.

Idan kuma ranar hutu kuka gasa na mako, ku yi hattara da ajiya. Ruwan da ke ba shi laushi shi ne ke sa ya yi saurin funfuna, musamman a zafin Maris da Afrilu ko a damina. A bar shi ya huce sarai kafin a rufe, idan aka rufe da ɗumi gumi zai yi. A waje, kwana biyu ya isa. A firiza yana kai wata biyu, amma fa inda wuta ke tsayawa. Inda take zuwa tana tafiya, gara a raba awon biyu, a gasa shida yau, shida ranar Laraba. Na firizan kuwa, a fito da shi da dare, ko a jefa shi a jakar yaro da safe yana daskare, kafin lokacin tara ya saki.

Ranar da tuffa ta gagara saye, ayaba uku da suka nuna luguf, waɗanda bawonsu ya fara baƙi, a murƙushe su a zuba a madadin faten. Awon sauran kayan bai canza ba, sai dai a rage sukari kaɗan don ayaba ta fi zaƙi.